JININ DA YA TSAYA DA WURI

Shafi na 23

Masu aiko saƙo suna cewa na yi shiru, ku yi haƙuri. Wuta ce ba mu samu ba a unguwarmu, wayar ta mutu. Ga Zipora nan a hanyar gida.

*

La'asar ta yi amma babu rana. Tun azahar hadari ya haɗo ta wajen hanyar Akwanga, ya yi baƙi ya tsaya cak a kan Keffi, ba ruwa ba iska, sai wani zafi mai danƙo da ke manne wa mutum riga a baya.

Zipora ta tashi daga tashar motocin Abuja da wuri. Shinkafar da take sayarwa ba ta ƙare ba, amma fasinja sun watse saboda hadarin, ita kuma ƙafafunta sun ƙi. Ta ɗora kular abinci a ka, 'yarta Lovelyn na barci a bayanta, ta kamo hanya tana jan silifas.

Fiye da wata guda kenan tana wannan jigila ita kaɗai, tun ranar da mijinta Natan ya dawo daga wurin aiki a Abuja da hannun dama a kumbure kamar an hura shi. Aikin silin yake yi. Shekara da shekaru hannunsa na sama tun safe har yamma, yana shafe gidajen da ke tsirowa a bayan Lugbe. A asibiti aka ɗauki hoton hannun, likita ta ce jini ne ya daskare a babbar jijiyar da ta bi ta hammata zuwa kafaɗa. Ta rubuta masa wata ƙaramar ƙwaya ta tsinka jini, kullum da abinci, aƙalla wata uku, ba fashi.

Zipora ce ke ba shi da hannunta kowace safiya kafin ta fita.

A ƙofar ɗakinsu ta tarar da wani tsohon mashin a jingine, da takalmin fata irin na dattawa. Ta ɗan tsaya. Ba ta san mai shi ba.

Ta ɗaga labule.

Natan na zaune a tabarma ba riga, ya ba ƙofa baya. Ƙahoni ne manne a kafaɗarsa da damtsen hannun nan mai ciwo. Wani dattijo mai farin gemu na durƙushe a gefensa da aska, zabirarsa a buɗe. Ga wani gwangwanin madara a ƙasa, baƙin jini guda-guda a ciki. Surukarta, Mama Paulina, wadda ta zo daga Panda ranar Juma'a, tana kan kujerar roba tana fifita da murfin bokiti.

Zipora ba ta san lokacin da kular ta bar kanta ba. Shinkafa ta watse a bakin ƙofa. Ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar, igiyar silifas ɗinta ta tsinke, ta faɗa ɗakin haka nan ba takalmi.

"Yesu!"

"Ke, a hankali mana," in ji Mama. "Za ki firgita yarinya."

"Mama, mene ne wannan?"

"Idonki bai gani ba? Ƙaho ne. Gaida Baba Dabo. Har Liman Abaji na je na ɗauko shi. Shi ya yi wa baban Natan lokacin da bayansa ya riƙe, ya miƙe garau."

Dattijon ya ɗago. "Sannu da dawowa, uwar gida."

Zipora ta matso kusa da shi.

"Baba, don Allah cire. Cire masa yanzu."

"Ai an kusa gamawa. Wannan zagaye na biyu ne."

"Na biyu?"

Ta dubi mijinta. Bai juyo ba. Ƙeyarsa kawai take gani, gumi na gangarowa ta tsakiyar bayansa.

"Baban Lovelyn, kana zaune aka sa maka aska?"



"Da ni za ki yi magana," in ji Mama. "Ni na kawo shi. Ɗana ne, ina kallo hannunsa zai ruɓe?"

"Mama, maganin da yake sha na tsinka jini ne. Likita ta ce ko reza kada ta kama shi. Ranar da ya ɗan yanke a haɓa wajen aski, sai da muka jiƙa hankici sharkaf kafin ya tsaya. Ko baki ya wanke sai ya tofar da ja. Yanzu an tsattsaga masa jiki, da me za mu tsayar?"

Mama ta buga murfin bokitin a cinya.

"Abin da nake faɗa kenan tun farko! Namiji mai aikin ƙarfi a ce an mayar da jininsa ruwa? Da me zai ɗaga buhu? Kuna ta tsinka mai kyau, mataccen yana nan zaune abinsa." Ta tura gwangwanin da ƙafa zuwa gaban Zipora. "Dubi. Dubi da kyau. Ga abin da likitarku take ta nema da na'ura. Ga shi ya fito guda-guda."

"Wannan na fata ne, Mama. Wancan yana can ciki, a jijiya. Ƙaho ba ya kai wa can."

"Oho, kin zama nas."

"Ban zama komai ba. A gabana aka faɗa."

"A tasha kika yi karatun likitan, tsakanin shinkafa da wake?"

Zipora ba ta da ƙarfin wannan faɗan. Tun asuba take tsaye. Ta warware ɗankwalinta ta ninke shi, ta durƙusa kusa da Natan, Lovelyn na motsi a bayanta.

"Baba, cire. Ni zan danne."

Baba Dabo ya dubi Mama, ya dubi Zipora, ya ga ba wurin gardama ba ne. Ya zare audugar da ya toshe bakin ƙahon, iska ta shiga, ƙahon ya saki. Ya juye abin ciki a gwangwani, ya goge wurin da tsumma. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga tsagar nan a jere, ƙanana, kamar kaza ta yi tono.

Zipora ta riƙe ɗankwalin a sama, tana jira jini ya ɓalle.

Ya ɗan tsattsafo. Ya taru kamar ƙwayar gero a bakin kowace tsaga.

Ya tsaya.

Ta ƙara jira. Baba Dabo ya sake gogewa, wurin ya bushe.

"To?" in ji Mama. "Ina ambaliyar? Kin shigo kina ihu kamar an yanka rago. Ina take?"

"Jininsa lafiya lau," in ji Baba Dabo yana goge askarsa. "Yana kamawa kamar na kowa."

Kamar na kowa.

Maganar ta shiga kunnen Zipora ta zauna. Da ta ga jini na zuba da ta san abin yi. Wannan da ya tsaya, shi ya tsorata ta, don jinin mai shan ƙwayar nan ba ya tsayawa haka. Ta zauna daɓas a ƙasa, ɗankwalin a hannunta fes, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Sai yanzu ta kalli hannun sosai. Da safe da duhu take fita, da yamma kuma yana cikin riga mai dogon hannu, yana cewa sauro. Kumburin da ya fara saɓewa kwanakin baya ya dawo. Fatar ta yi sheƙi, ta yi duhu. Ƙananan jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a kafaɗa har ƙirji.

"Baban Lovelyn."

"Na'am."

"Juyo ka dube ni."

Ya juyo rabi.

"Yaushe rabonka da magani?"

"Ba ke kike ba ni kullum ba?"

"Ban ce yaushe na ba ka ba. Yaushe ka haɗiye?"

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma.

Mama ta daina fifita.

"Wane magani kuma? Ai an sallame shi. Shi da bakinsa ya gaya mini a waya, likita ta ce ya gama, saura kumburin kawai. Shi ya sa na ce to, tunda na Bature ya ƙare, bari a yi na gida." Ta karkato. "Natan. Ba haka ka ce mini ba?"

"Ni ma na tambaya kafin in sa aska," in ji Baba Dabo a hankali. "Na ce yaro, kana shan wani abu? Ka ce babu."

"Ai gaskiya ya faɗa maka, Baba," in ji Zipora. "Ba ya sha. Ni ce aka yi wa ƙarya. Ni da Mama."

Can nesa aka yi tsawa, kwanon rufi ya amsa.

"Tun yaushe?"

"Tun... Lahadin da ta wuce ta sama."

"Ina kallo kake kai ruwa baki."

"A kumatu nake ajiyewa. In kin juya... in cire."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba. Ita kanta ta yi mamaki, ta nemi hawayen ta rasa, sai wata gajiya da ta sauko mata tun daga wuya.

"Me na yi maka?"

"Ba ke ba ce."

"To wa?"

Ya ja numfashi. Maganarsa na fita guntu-guntu, ta ɗauka kunya ce.

"Oga Fidelis mai ba mu aiki ya kira. An samu sabon aiki... gidaje da yawa, ta hanyar filin jirgi. Farkon wata za a shiga. Kin tuna ranar da na je gaishe su a sait, wurin gini? Wayar ƙarfe ta ɗan karce ni a yatsa. Ɗan karce kawai. Jini ya ɓata musu farin silin da aka gama shafewa... har ƙasa. Yara suna ta dariya. Oga ya ce in je gida, in dawo ranar da jinina ya yi hankali."

"Sai ka ba shi hankali."

"In ban je ba... yaran Kwatano masu silin zai ba. Ba zai jira ni ba, Zipora. Abuja ba ta jiran mutum."

"Kuma da wannan hannun za ka ɗaga?"

"Shi ya sa na yarda da ƙahon. Na ce in an zuƙe... kumburin zai sauka. In na ci gaba da ƙwayar kuma ba za a iya tsagawa ba. Sai na tsaya."

"Kai, Natan," in ji Mama. Muryarta ta sauka. "Ni ka sa a gaba in yi maka wannan?"

Bai dube ta ba.

"Na gaji ne, Mama. Ni mai yi wa mutane silin... ina kwance ina kallon ramukan kwano. Ta fita da duhu. Ta dawo ƙafa a kumbure. In ji maƙwabta suna cewa, mijin mai shinkafa. Ko sunana sun manta."

Zipora ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Mijin mai shinkafa. Shi ne ya yi maka zafi."

"Ba haka nake..."

"Ni ban gaji ba? Ka taɓa tambayata? Na gaji, Baban Lovelyn. Bayana kamar ba nawa ba. Hayaƙi ya cinye mini ido. Kwandasta ya ci abinci ya zage ni a kai. Amma duk safiya in na sa maka ƙwayar nan a tafin hannu, sai in ce to, yau ma an rage. Da wannan nake tafiya tasha. Ashe a kumatu kake ajiye mini."

"Ban zubar ba," ya ce da sauri, kamar wannan zai gyara wani abu. "Na san wahalar da kika sha kafin ki saya. Suna nan... a kwalin ashana. Cikin jakar kayan aiki. Na rataye a sama saboda Lovelyn, kar ta ɗauka alewa ce."

"Ashe ka yi tunanin Lovelyn."

Ya kawar da kai.

"Ka yi tunanin kar ta sha. Ba ka yi tunanin wa za ta kira Baba ba."

Baba Dabo ya tattara ƙahoninsa cikin zabira ba ƙara. Ya ɗauki gwangwanin ya rasa inda zai kai, ya ajiye a bayan ƙofa.

"Bari in nuna miki," in ji Natan.

"Zauna."

"A'a, bari ki gani... ba ƙarya nake ba."

Ya dafa bango ya miƙe. Jakar na rataye a ƙusa saman taga. Ya miƙa hannun hagu, ya taɓa ta, ya ciro kwalin ashanar.

Sai ya tsaya a haka.

Kwalin ya faɗo. Ƙananan ƙwayoyi suka gangara kan tabarma.

Ya dafe haƙarƙarinsa na dama, ya zame jikin bango a hankali har ya kai ƙasa. Bakinsa a buɗe. Ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri-sauri kamar wanda ya yi tsere da mashin, alhali taku biyu ya yi.

"Baban Lovelyn?"

"Ba komai... jiri ne."

Tari ya sarƙe shi, busasshe, yana yi yana runtse ido.

"Tarin nan ne," in ji Mama, ta taso. "Tun shekaranjiya yake yi in kin fita. Ina ba shi citta da zuma. Sanyin damina ne."

"Tun shekaranjiya?"

"Ya ce kar in gaya miki, kina da abin da ya dame ki."

Zipora ta dubi leɓensa. Ta tuna jiya da ya ɗauki Lovelyn ya ajiye ta nan take, ya ce ta yi nauyi. Ta tuna yadda maganarsa ke yankewa tun ɗazu. Ba kunya ba ce. Numfashi ne ba ya isa.

Muryar likitar ta dawo mata, ranar da za su fito daga asibiti, har ta biyo su bakin ƙofa. Madam, ki saurare ni. Ba hannun ne abin tsoro ba. In gudan jinin ya ɓalle, huhu yake nufa. In kika ga numfashi na yi masa wuya, ko ƙirji na sukarsa, kada ki jira gari ya waye, kada ki jira kowa.

"Ina ne yake maka ciwo?"

"Nan... in na ja iska... kamar wuƙa."

Mama ta zube a tabarma tana tsince ƙwayoyin.

"Ga su, ga su. Ba shi ya shanye duka. Kawo ruwa!"

"A'a, Mama! Ba a haɗawa. Zuba su a kwalin, likita za ta gani."

"To me za mu yi? Ke ce kika sani, faɗi!"

"Asibiti. Yanzu."

Baba Dabo ya riga ya kai ƙofa. "Ba zai zaunu a mashin ba. Bari in taro Keke Napep a bakin titi." Ya tsallake shinkafar da ta zube, ya buga mashin ɗinsa sau uku kafin ya tashi.

Iskar da aka yi ta jira tun azahar ta taso lokaci ɗaya. Labule ya yi sama. Ruwa ya fara dukan kwano, ɗai-ɗai, manya-manya, sannan ya sake gaba ɗaya.

Zipora ta kwance goyo ta miƙa wa Mama Lovelyn, yarinyar ta farka ta fasa kuka. Ta yafa wa Natan zani a kafaɗa, ta zauna a bayansa ta jingina shi da ƙirjinta don ya samu iska. Jikinsa ya yi sanyi, ga gumi.

"Zipora."

"Yi shiru."

"Ki yi haƙuri."

"Na ce ka yi shiru. Ajiye numfashin, za ka ba ni haƙurin a gaban likita."

Keke ya shigo layin yana tsalle cikin ruwa, Baba Dabo na binsa a baya, jiƙe sharkaf, hularsa a aljihu. Shi da mai keken suka kama Natan ta hagu, Zipora ta tallafe hannun mai ciwo, suka fito da shi. Ta taka laka, ta taka shinkafa, ta taka tsakuwa, ba ta ji komai ba.

Suka zaunar da shi a baya. Ta shiga gefensa, kwalin ashanar a cikin rigarta.

"Ina muka nufa, madam?" in ji mai keken.

"Babban asibiti. Ɓangaren gaggawa. Don Allah kar ka tsaya ɗaukar kowa."

Tarin ya sake taso masa. Ta kara masa ɗankwalin nan a baki, wanda ta ninke ɗazu don tsayar da jini bai samu aiki ba. Da ya lafa ta janye.

Ja ne a tsakiya. Ba yawa. Amma ja ne, sabo.

Ta dunƙule shi da sauri kafin Mama ta gani.

Natan ya kwantar da kai a kafaɗarta. Idonsa a buɗe yake, yana kallon wajenta.

"Zipora... an ɗauke wuta ne? Ba na ganinki sosai."

"Tafi!" ta ce wa mai keken. "Tafi mana!"

Keken ya ja. Mama ta biyo shi da gudu cikin ruwa, Lovelyn a kafaɗa tana ihu. Ta kama ƙarfen gefe da hannu ɗaya, ta tuɓe silifas ɗinta, ta cusa su ciki wajen ƙafar Zipora, ta saki.

Zipora ta zura ƙafafunta a ciki ba ta ko duba ba. Hannunta na kan ƙirjin mijinta.

Mama Paulina ta tsaya a tsakiyar layi ba takalmi, ruwa na dukanta, har keken ya sha kwana.